Yadda Ake Sanyaya Bangon Ɗakin Ƙuna na Injin Tarbain

Shirin kimiyya da fasaha na yau zai yi bayani a kan wani ɓangare na injin tarbain, wato injin da ke ɗaga manyan jiragen sama, kuma yake juya janareto a tashoshin lantarki masu aiki da iskar gas. Wannan ɓangare shi ne ɗakin ƙuna, inda mai ke haɗuwa da iska ya kama da wuta. Tambayar da shirin zai bi ita ce yadda siririn bangon ƙarfe ke kewaye wutar da zafinta ya isa ya narkar da shi, amma ya yi dubban awoyi yana aiki bai narke ba.

Kashi na farko zai fara da shi kansa injin.

Injin tarbain yana da manyan sassa uku a jere. Na gaba shi ne kwamfiresa, wato jerin farfeloli masu zuƙo iska daga waje su matse ta. Na tsakiya shi ne ɗakin ƙuna, inda ake fesa kananzir ko iskar gas cikin matsattsiyar iskar. Na baya shi ne tarbain ɗin kansa, wato wasu farfelolin da zazzafar iska ke bugawa su juya, su kuma su juya kwamfiresa da janareto. A injin mota wuta tana tashi ne ta mutu, ta sake tashi, ga kuma ruwa yana zagaya silinda yana ɗebe zafi, amma a injin tarbain wutar ba ta ɗaukewa ko na daƙiƙa ɗaya tun daga kunnawa har kashewa, kuma babu ruwan da ke zagaya bangon. Frank Whittle na Ingila ya nemi rajistar ƙirar injinsa a 1930, ya tayar da shi karo na farko a 1937, kuma cikin duk matsalolin da ya sha fama da su babu wadda ta ba shi wahala kamar ta ɗakin ƙuna. A 1939 jirgin farko mai irin wannan inji ya tashi a Jamus da injin Hans von Ohain, a shekarar ce kuma kamfanin Brown Boveri ya kafa tarbain mai ba da lantarki a garin Neuchâtel na ƙasar Suwizalan.

Ɗakin ƙuna bango biyu gare shi. Akwai ganga ta waje, mai kauri, wadda ke riƙe matsin iska, akwai kuma bangon ciki, wanda kaurinsa bai cika wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba a injin jirgin sama, shi ne kuma ke fuskantar harshen wuta. Tsakanin bangayen biyu akwai rata, kuma ta cikinta iskar da ta fito daga kwamfiresa ke gudana kafin ta shiga wurin wutar.

Yana da kyau masu sauraro su riƙe alƙaluma uku. Zafin wuta a tsakiyar ɗakin yakan kai digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyos. Ƙarfen da ake ƙera bangon da shi, wanda gauraye ne na nikel da kuromiyam da wasu ƙarafa, irin su Hastelloy X da Nimonic, yakan fara narkewa a wajen digiri 1,300. Tun kafin ya kai nan kuwa ya yi laushi, tsatsa ta fara cin sa, shi ya sa masu ƙira ba sa so zafin bangon ya zarce digiri 800 zuwa 900. Wuta tana kan 2,000, narkewa yana kan 1,300, iyakar aminci tana ƙasa da 900. Wannan tazara ta fiye da digiri dubu ita ce dukkan aikin.

Kashi na biyu zai duba yadda zafi ke tafiya, kuma madafa ta isa ta nuna shi.

Alminiyam yana narkewa a digiri 660, kuma garwashin da aka fifita sosai ya fi haka zafi, amma tukunyar alminiyam da ke kan murhu ba ta narkewa muddin akwai ruwa a cikinta, domin ruwan yana ɗebe zafi daga ciki gwargwadon yadda wuta ke zuba shi daga waje. Ranar da aka manta da ita ruwan ya tsotse, gindinta zai ƙone ya lotse, wani lokaci har ya huje. Tukunyar ba ta tare zafi, wucewa yake yi ta jikinta, kuma zafin jikin nata yana tsayawa ne a daidai inda abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ke fita. Haka bangon ɗakin ƙuna yake, sai dai iska ce ke yin aikin da ruwa ke yi a tukunya, iska kuwa ba ta kai ruwa iya ɗaukar zafi ba ko kusa.

A wannan murhun ana iya ganin hanyoyi uku da zafi ke bi. Idan aka bar ludayin ƙarfe a cikin miya, mariƙinsa zai yi zafi, saboda zafi ya ratsa ta jikin ƙarfen daga wannan gefe zuwa wancan. Wannan ita ce hanyar ratsawa. Hucin da ke tashi daga wuta ya shafi gefen tukunya shi ne hanya ta biyu, wato iska mai motsi ta ɗauko zafi ta kai shi wani wuri. Ta uku ita ce wadda mai girki ke ji a fuskarta idan ta duƙa gaban garwashi, ko da iska ba ta kaɗowa ta wajenta, domin zafi yana fita daga abu mai zafi kamar yadda haske ke fita daga fitila. Wannan ita ce hanyar haskawa.

Bangon ɗakin ƙuna yana karɓar zafi daga ciki ta hanyar haskawar wuta da kuma shafar zazzafar iska, zafin ya ratsa kaurin ƙarfen, sa'an nan ya fita ta baya, mafi yawansa cikin iskar da ke gudana a ratar nan, kaɗan kuma ya haska zuwa gangar waje. Arthur Lefebvre, wanda ya koyar a Cranfield ta Ingila da jami'ar Purdue ta Amurka, ya tsara wannan lissafi daki-daki a littafinsa na 1983 kan ƙunar mai a injin tarbain, kuma injiniyoyi suna fara ƙiyasinsu da shi har yau.

Haskawa ta cancanci a daɗe a kanta, domin ita ce ta fi wuyar sha'ani. Josef Stefan a 1879, da Ludwig Boltzmann a 1884, sun nuna cewa zafin da abu ke haskawa yana hauhawa fiye da yadda zafin jikinsa ke hawa nesa ba kusa ba: idan aka auna daga ƙarshen sanyi, wato digiri 273 ƙasa da sifili, abin da zafinsa ya ninka sau biyu haskawarsa za ta ninka sau goma sha shida. Saboda haka wutar da ta tashi daga digiri 1,500 zuwa 1,900 tana iya jefa wa bango fiye da ninki biyu na zafin da take jefawa a da. Launin wutar ma yana da tasiri. Shuɗiyar wuta irin ta iskar gas tana haskawa ne ta hanyar tururi da iskar kabon dayoksaid da ke cikinta, amma wuta mai launin ɗorawa, irin ta kananzir ko man dizal idan ba su gauraya da iska sosai ba, cike take da ƙwayoyin kunkunniya, wato baƙin hayaƙi, kuma kowace ƙwaya tana yin ja tana watsa zafi. Idan matsin iska ya ƙaru, kunkunniya ma takan ƙaru. Shi ya sa inji ɗaya zai iya samun bango mai ɗan sauƙin zafi idan yana cin gas, bangon kuma ya fi zafi ranar da aka mayar da shi kan dizal. Abin lura a nan, masu sauraro, shi ne iska ba ta tare haskawa. Ko an shimfiɗa iska mai sanyi tsakanin wuta da bango, hasken zai ratsa ta ya isa ga ƙarfen.

Kashi na uku zai kawo dabarun sanyayawa.

Kilo ɗaya na kananzir yana buƙatar iska kimanin kilo 15 kafin ya ƙone ƙurmus, amma kwamfiresa yana turo ninki biyu ko uku na wannan, har ma fiye a tsofaffin injuna. Daga wannan rarar ake ɗiba a sanyaya bango. Matsin iskar da ke cikin rata ya ɗara na cikin ɗakin wuta da kusan kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, kuma wannan ɗan bambanci ne ke tura iska ta shiga duk wata kafa da aka huda a jikin bangon.

Dabara mafi daɗewa ita ce shimfiɗar iska. Ana yin jerin kafofi ko tsaga a kewayen bangon, a sa wani ɗan leɓen ƙarfe a ciki wanda ke karkatar da iskar ta bi jikin bango maimakon ta faɗa tsakiyar wuta, sai ta zama siririn mayafi tsakanin ƙarfe da zazzafar iska. Mayafin ba ya nisa. Wutar ɗakin ƙuna a hargitse take, da gangan ma ake juya ta don mai da iska su gauraya, saboda haka bayan 'yan santimita kaɗan mayafin ya cakuɗe ya yi zafi, dole a sake buɗe wani jerin kafofin. Sakamakon haka bangon yakan yi sanyi fiye da buƙata a bakin kowace tsaga, ya yi zafi sosai dab da ta gaba, kuma irin wannan bambanci a ɗan ƙaramin wuri shi ke haifar da tsagewa. Dabarar tana kuma cin iska, domin a injuna da yawa na da, kashi ɗaya cikin uku na iskar ɗakin ƙuna, ko fiye, a sanyaya bango yake tafiya.

Daga nan aka koma ga huda dubban ƙananan kafofi a duk faɗin bangon, kowace faɗinta bai kai milimita ɗaya ba, ana huda su da hasken leza a karkace, kwanciyar kusan digiri 20 zuwa 30 daga fuskar bango. Karkatar tana da amfani biyu. Kafar da aka huda a kwance ta fi tsawo, saboda haka iskar da ke bi ta cikinta tana samun damar tsotse zafi daga cikin naman ƙarfen, kuma idan ta fito takan kwanta a jikin bango ta haɗu da ta maƙwabtanta, mayafin ya riƙa sabuntuwa a kowane taki. Kamfanin Rolls-Royce da kamfanin Allison sun gwada wani salo da ya fi wannan zurfi, inda suka manne siraran faranta masu hanyoyin iska a tsakaninsu, suka sa musu suna Transply da Lamilloy, sai dai wuyar ƙira da wuyar gyara sun hana su yaɗuwa kamar kafofin leza. Akwai kuma bango mai ruɓi biyu, inda iska ke fitowa daga kafofin ruɓin baya da ƙarfi ta bugi bayan ruɓin da ke fuskantar wuta, ta kankare zafi a inda ta buga, sa'an nan ta wuce ciki ta zama mayafi. A nan iska ɗaya ta yi aiki biyu, kuma wannan shi ne ma'aunin ƙira mai kyau: kowane kilo na iska ya ɗauki zafi gwargwadon iyawarsa kafin a sake shi cikin wuta.

Kashi na huɗu shi ne zuciyar shirin, domin zai nuna abin da ya sa aikin ke ƙara tsanani maimakon ya yi sauƙi.

Iska tana yin zafi idan aka matse ta. Injunan farko suna matse iska kusan ninki huɗu, ta fito da zafin da bai wuce digiri 200 ba. Manyan injunan jiragen sama na yanzu suna matse ta ninki 40 zuwa 60, domin hakan yana rage shan mai, sai ta fito da zafin digiri 600 ko fiye. Ma'ana, iskar da ake kira mai sanyaya bango ita kanta ta kusa zafin da alminiyam ke narkewa, kuma tazarar da ke tsakaninta da iyakar amincin ƙarfen ta ragu zuwa digiri ɗari biyu ko uku.

Bayan ta yi zafi kuma sai ta yi ƙaranci, dalili kuwa shi ne hayaƙi. Masanin Rasha Yakov Zeldovich ya bayyana a 1946 yadda naitirojin da oksijin na cikin iska ke haɗuwa a wuta mai tsananin zafi su zama gurɓatacciyar iska mai cutar da huhu, kuma haɗuwar takan yi sauri ƙwarai da zarar zafi ya haura digiri 1,500. Da dokokin kare muhalli suka tsananta, sai masu ƙira suka koma gauraya mai da iska mai yawa tun kafin a kai ga wuta, domin wutar ta ci a zafin da bai kai na da ba. Wannan ya rage gurɓatawa, ya kuma rage kunkunniya, amma ya kwashe mafi yawan iskar ya kai ta bakin ɗakin, ya bar wa bango ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Shimfiɗar iska ma ta zama abin tuhuma, domin sanyinta yana kashe ƙuna a kusa da bango, mai ya fita bai gama ƙonewa ba, iskar kabon monoksaid mai guba ta ƙaru. Saboda haka a yawancin injunan lantarki na zamani an rage kafofi, ana sanyaya bango ta baya: ana yi masa ƙananan kunyoyi masu hargitsa iskar da ke gudana a rata don ta fi ɗaukar zafi, daga nan iskar ta zarce bakin ɗakin ta shiga wuta. A taƙaice, masu sauraro, iska ɗaya ce ake rabawa tsakanin ƙuna da sanyaya bango da sanyaya farfelolin tarbain, kuma duk abin da aka ƙara wa ɗaya daga wani aka ɗebe shi. Mai ƙirar da ya warware matsalar bango ta hanyar ƙara masa iska bai warware komai ba, ya tura matsalar ga abokin aikinsa ne.

Kashi na biyar ya shafi kayan da ake ƙera bangon da su.

Tun da iska ta yi kaɗan, sai aka nemi taimako daga tangaran. Ana fesa wa fuskar bangon wani siririn shafi na sinadarin zakoniya da aka gauraya da kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na sinadarin itiriya, kaurinsa kusan rabin milimita ko ƙasa da haka, kuma cibiyar binciken NASA da ke Cleveland a Amurka ta yi aiki mai yawa a kansa a shekarun 1970. Zafi ba ya ratsa wannan shafi da sauƙi, don haka ƙarfen da ke ƙarƙashinsa yakan sami rangwamen digiri hamsin zuwa ɗari ko fiye. Sai dai shafin ba ya amfani sai ana ɗebe zafi ta bayan ƙarfen, in ba haka ba zafin zai taru a hankali har ciki da waje su yi daidai. Wata dabarar ita ce a daina ƙera bangon a matsayin gwangwani guda, a jera masa ƙananan faranta kamar tayil, kowanne yana da sararin miƙewa idan ya yi zafi, kuma wanda ya lalace a cire shi shi kaɗai. Kamfanin Pratt & Whitney ya yi haka a injin V2500 na jiragen Airbus A320, kamfanin Siemens kuma ya jera tubalan tangaran a cikin manyan ɗakunan ƙuna na injinsa V94.2, irin wanda aka kafa a tashar lantarki ta Geregu da ke Ajaokuta a Jihar Kogi, wadda aka buɗe a 2007. Na baya-bayan nan shi ne tangaran da aka saƙa da zare na sinadarin silikon kabaid, wanda ke jure zafin kusan digiri 1,300, nauyinsa kuma kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe. Kamfanin General Electric ya yi bangon ɗakin ƙuna na injin GE9X da shi, kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta amince da injin a 2020. Shi ma yana da rauninsa, domin tururin da ke cikin wuta yana cin sa, sai an yi masa nasa shafin na kariya.

Kashi na ƙarshe zai duba yadda bangon ke lalacewa.

Narkewa ba ita ce ta fi kashe shi ba, gajiya ce. Duk lokacin da aka kunna inji bangon yakan miƙe, idan aka kashe ya tsuke, kuma wurin da ya fi zafi yana so ya miƙe fiye da maƙwabcinsa mai sanyi, wanda ke riƙe shi. Bayan ɗaruruwa ko dubban kunnawa da kashewa, tsaga takan ɓullo, yawanci daga bakin wata kafa ko daga layin walda. A ranar 22 ga Agusta 1985, wani jirgin Boeing 737 na kamfanin British Airtours yana gudu zai tashi daga filin jirgin Manchester a Ingila, sai ɗaya daga cikin gwangwanaye tara na ɗakin ƙuna na injin hagu ya rabe, ɓangarensa na gaba ya fasa gangar waje ya bugi murfin tankin mai da ke ƙarƙashin fiffike. Matuƙan sun fasa tashi sun tsayar da jirgin, amma gobara ta riga ta kama, mutum 55 suka rasu, yawancinsu saboda shaƙar hayaƙi. Bincike ya gano cewa gwangwanin ya tsage ne saboda gajiyar zafi, kuma an taɓa yi masa gyaran walda a baya.

Ƙura ma abokiyar gaba ce, kuma wannan ya shafi duk injin da ke aiki a yankin Sahel, inda hazon hunturu ke cika sararin sama da ƙura mai laushi daga Sahara. Kafar da faɗinta bai kai milimita ɗaya ba, ƙura kaɗan ta isa ta rage mata baki, kuma kafar da ta toshe tana barin wani yanki na bango ba mayafi. Ƙurar da ta sauka a kan shafin tangaran kuwa takan narke idan zafi ya kai wajen digiri 1,200, ta kutsa cikin ƙananan ramukan shafin, idan inji ya huce ta daskare kamar gilashi, shafin ya rasa sassaucinsa ya fara ɓamɓarewa. A tashar lantarki ana tare yawancin ƙurar da manyan matatun iska da ke bakin kwamfiresa, shi ya sa jinkirin sauya matata yakan koma asarar ƙarfe mai tsada a cikin inji. Jirgin sama ba shi da irin wannan matata, abin da ya zuƙa shi zai shiga.

Saboda waɗannan dalilai ake leƙa ɗakin ƙuna a kan ƙa'ida, gwargwadon awoyin aiki da yawan kunnawa. Injiniya yakan zura wata siririyar kyamara mai fitila ta wata ƙofa da aka tanada a jikin ganga, ba tare da an kwance injin ba, ya bi bangon a hankali yana kallo a allo. Yana neman wurin da farin shafi ya ɓare ƙarfe ya bayyana, da wurin da launin ƙarfe ya sauya ko ya kumbura, da kafofin da ƙura ta liƙe, da tsagogin da suka taso daga kafa biyu suna neman haɗuwa, domin idan suka haɗu guntun ƙarfe zai iya ɓallewa ya bi iska ya bugi farfelolin tarbain. Yakan auna tsawon kowace tsaga ya gwada da iyakar da littafin kamfanin da ya ƙera injin ya gindaya, daga nan a yanke hukunci ko injin zai ci gaba da aiki zuwa dubawa ta gaba, ko kuwa a tsayar da shi a sauya bangon.